Jarrabawar Turancin kasuwanci: yadda ake shirya wa sashen magana

Ɗalibi a Nijeriya yana iya cin takardar furucin Turanci a jarrabawar kammala sakandare ba tare da ya buɗe baki ya furta kalma ko ɗaya ba. Ba ya gane girman wannan giɓi sai ranar da ya zauna jarrabawar Turancin kasuwanci, aka ba shi minti ɗaya aka ce ya yi bayani.

A shekarar 2020 ne gwamnatin tarayya ta mayar da Kwalejin Aikin Gona ta Zuru, da ke kudancin jihar Kebbi, zuwa Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya. Matasan da ke fitowa daga wannan jami'a da takwarorinta ba dukkansu ne za su sami aikin gwamnati ba. Da yawa za su nufi bankuna da kamfanonin sadarwa, da kamfanonin sayen amfanin gona, da ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa, wasu kuma za su nemi ƙarin karatu ko aiki a ƙetare.

A galibin waɗannan wurare, ganawar ɗaukar aiki da Turanci ake yin ta, wasu lokutan ma sai an nemi takardar shaidar cewa mutum yana iya magana da harshen a fagen aiki.

Abin da ya kamata mai neman wannan takarda ya sani tun farko shi ne, masu jarrabawar ba sa bukatar ya yi magana kamar haifaffen birnin London. Abin da suke aunawa shi ne ko mai sauraro zai fahimce shi ba tare da wahala ba, da kuma ko zai iya isar da zancen kasuwanci a cikin lokacin da aka ƙayyade masa.

Waɗanne jarrabawa ake magana a kai?

Mafi daɗewa a cikinsu ita ce TOEIC, wadda hukumar ETS ta Amurka ta fara gudanarwa a ƙasar Japan a shekarar 1979 domin ma'aikatan kamfanoni. Da farko sauraro da karatu kawai take aunawa, sai a shekarar 2006 aka ƙara sashen magana da na rubutu.

Jami'ar Cambridge ta Ingila ta daɗe tana da jarrabawar BEC mai matakai uku, wadda aka fara a ƙasar Sin a shekarar 1993, amma daga baya ta daina shirya ta a yawancin ƙasashe. Haka kuma a ƙarshen shekarar 2019 ta janye wata mai suna BULATS ta maye gurbinta da Linguaskill, wadda ake yi ta kwamfuta, kuma tana da reshe na musamman domin harkar kasuwanci.

Har yanzu akan ci karo da littattafan BEC a shagunan littattafai da kuma intanet. Suna da amfani wajen atisaye, amma bai kamata mutum ya biya kuɗin darasi da nufin zama jarrabawar da aka riga aka rufe ba.

Akwai kuma IELTS, wadda aka soma a shekarar 1989. Ita ba ta kasuwanci ba ce zalla, to amma ita ce 'yan Nijeriya suka fi sani, saboda ita ce jami'o'i da hukumomin shige da fice na ƙasashe da dama ke karɓa. Ana yin ta a manyan birane, ƙarƙashin hukumomi irin su British Council mai ofisoshi a Abuja da Legas da Kano da Fatakwal.

Yawancin waɗannan jarrabawa suna danganta sakamakonsu da ma'aunin harsuna mai matakai shida, daga A1 zuwa C2, wanda Majalisar Turai ta wallafa a shekarar 2001. Mai matakin B1 yana iya tafiyar da al'amuran yau da kullum, mai B2 kuwa yana iya shiga taro ya kare ra'ayinsa ba tare da ya gajiyar da abokan zama ba.

Yadda sashen magana yake

Sashen magana na TOEIC yana ɗaukar kimanin minti 20, yana da tambayoyi 11, kuma makinsa daga 0 ne zuwa 200. Mai jarrabawa yana zaune ne gaban kwamfuta da abin sauraro a kunne, ana naɗar muryarsa.

Zai fara da karanta gajerun sanarwa guda biyu a bayyane. Daga nan sai a nuna masa hotuna biyu, a ba shi sakan 45 ya shirya, ya bayyana abin da ke cikin kowanne a sakan 30. Sai gajerun tambayoyi, waɗansu game da rayuwar yau da kullum, waɗansu kuma game da wata takarda da aka nuna masa, kamar jadawalin taro ko na tafiya. A nan sakan 3 kacal ake ba shi kafin ya amsa.

A tambaya ta ƙarshe ana neman ra'ayinsa kan wani batu, ya shirya a sakan 45, ya yi magana na sakan 60.

A IELTS kuwa mutum ne ke yin tambayoyin, kuma ganawar tana ɗaukar minti 11 zuwa 14. Bayan tambayoyi game da gida da aiki ko karatu, sai a miƙa wa mai jarrabawa kati mai ɗauke da batu, ya yi tunani na minti ɗaya, sannan ya yi jawabin da zai iya kai minti biyu. Daga bisani a zurfafa tattaunawa a kan batun.

Tsohuwar BEC tana da wani sashe da ya cancanci a ci gaba da kwaikwayonsa wajen atisaye: akan zaunar da masu jarrabawa biyu, a ba su wata matsala ta kamfani, a ce su tattauna su cim ma matsaya. Wannan shi ya fi kama da abin da ke faruwa a ɗakin taro.

Duk da bambancin tsari, abubuwan da ake dubawa kusan iri ɗaya ne. A IELTS guda huɗu ne masu nauyi daidai wa daida: gudanar magana da haɗuwarta, yalwar kalmomi, nahawu, da kuma furuci. Ke nan furuci kashi ɗaya ne cikin huɗu. Wanda ya ƙare ƙarfinsa wajen lanƙwasa harshe, ya bar zancensa a warwatse, ya yi asarar kashi mafi yawa.

Giɓin da makaranta ta bari

Takarda ta uku a jarrabawar Turanci ta WAEC a Nijeriya ita ce ta furuci. Tambayoyi 60 ne da ake amsawa a minti 45, kuma duk na zaɓi ne: ɗalibi ya duba kalmomi huɗu a rubuce, ya shafa wa wadda yake ganin sautinta ya dace baƙin fensir.

Dalilin hakan ba ɓoyayye ba ne. Sauraron ɗalibai fiye da miliyan ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, aiki ne mai cin kuɗi da lokaci. Sakamakon dai shi ne malamai suna koyar da abin da za a tambaya, ɗalibai suna haddace alamomin sauti a kan allo, magana kuwa an bar ta ga 'yan ƙungiyar muhawara.

A wajen aji kuma, a Zuru kamar a Birnin Kebbi ko Sakkwato, Hausa ce harshen kasuwa da tasha da majalisa. Mutum na iya yin digiri da Turanci alhali bai taɓa yin magana da harshen na minti biyu a jere ba.

Sai dai ɗan ƙasar Zuru yana da wani jari da bai kamata ya raina ba. Masarautar, mai ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, matattarar harsuna ce. Yaro ɗan ƙabilar Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, yakan tashi da harshen C'lela a gida, Hausa a waje, Turanci a makaranta, idan kuma Musulmi ne ga karatun Larabci a Islamiyya.

Wanda ya saba sauya harshe gwargwadon wanda ke gabansa ya riga ya mallaki abin da jarrabawar ke nema, wato lura da mai sauraro. Abin da ya rage masa shi ne ya ba Turanci irin damar da ya ba sauran.

Inda Hausa ke shiga cikin Turanci

Masana sun daɗe da nazarin yadda harsunan Nijeriya ke tasiri a kan Turancin masu su. Farfesa Munzali Jibril ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wannan batu a Jami'ar Lancaster a shekarar 1982. Wuraren da mai jin Hausa ke tuntuɓe sanannu ne, kuma ba su da yawa.

Na farko shi ne "p" da "f". Bahaushe yana furta "f" da leɓɓa biyu, kuma a karin harshen Sakkwato da Kabi ma takan koma "h", inda ake cewa "tahi" a maimakon "tafi". Turanci kuwa ya raba sautukan biyu, kuma kalmomin kasuwanci cike suke da su: "pay" da "price" da "profit". Wanda ya nemi "copy" a ofis aka kawo masa "coffee" ya san illar abin.

Na biyu shi ne "v", wadda takan koma "b". Tsakanin "van" da "ban" akwai tazara mai nisa, domin ɗaya motar ɗaukar kaya ce, ɗaya kuma haramta kayan ce.

A nan wanda ya yi karatun tajwidi yana da sauƙi. Harafin ف yana fita ne daga haƙoran sama da leɓen ƙasa, kuma nan ne mafitar "f" ta Turanci. Idan aka bar baki a haka aka ƙara murya, an sami "v". Ita kuwa "p", leɓɓa biyu ake haɗewa sannan a sake su da iska. Mai koyo ya riƙe 'yar takarda gaban bakinsa, idan ta motsa ya furta daidai.

Haka nan sautuka biyu da ake rubutawa da "th", waɗanda Bahaushe kan mayar "s" da "z". Na kalmar "think" shi ne ث, na kalmar "this" kuma shi ne ذ. Ɗalibin da malamin Islamiyya ya tilasta wa fitar da harshe tsakanin haƙora ya riga ya iya su, bai dai taɓa kawo su cikin Turanci ba.

Na uku shi ne cunkoson baƙaƙe. Hausa ba ta son baƙi biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa ta sanya wasali a tsakani ta samar da "direba" da "firamare" da "sitiyari". A ƙarshen kalma kuma akan yar da baƙin ƙarshe. Wannan ya fi haɗari, domin nahawun Turanci a wutsiyar kalma yake zaune. Wanda ya haɗiye ƙarshen "increased" ya mayar da abin da ya wuce abin da ke faruwa kullum, mai ba da maki kuma zai ɗauka kuskuren nahawu ne.

Na huɗu shi ne nauyin gaɓa. Hausa da karin sauti take bambanta kalmomi, Turanci kuwa da danna gaɓa ɗaya fiye da sauran. Kalmar "record" idan aka danna gaɓar farko suna ce, idan aka danna ta biyu aikatau ce.

Ba dukkan waɗannan ne nauyinsu ya zo ɗaya ba. A wani littafi da ta wallafa a shekarar 2000, masaniyar harshe Jennifer Jenkins ta Birtaniya ta yi nazarin abin da ke hana fahimta tsakanin mutanen da Turanci ba harshen uwa ba ne gare su. Ta gano cewa sauya sautin "th" ba kasafai yake ɓata fahimta ba, amma rikita sauran baƙaƙe da tsawon wasali yana ɓatawa.

Mai ƙarancin lokaci sai ya fara da "p" da "f" da "v" da ƙarshen kalmomi. Ta fuskar tsawon wasali kuwa Bahaushe yana da rinjaye, tun da harshensa ya riga ya raba dogon wasali da gajere, don haka bambanta "ship" da "sheep" ba baƙon abu ba ne a kunnensa.

Turancin gida da na waje

Akwai maganganun da suka zama ruwan dare a Nijeriya, waɗanda baƙo ba zai gane su ba. Mutum yakan ce "I am coming" alhali fita zai yi, domin ya fassara "ina zuwa". Yakan gai da ma'aikaci da "well done" da nufin "sannu da aiki", Bature kuwa ya ɗauka yabo ne. Yakan kuma ce "borrow me" a wurin da ya kamata ya ce "lend me", wanda a zancen banki ya juya mai bin bashi ya koma wanda ake bi.

Wannan ba ya nufin Turancin Nijeriya abin kunya ne. A watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Nijeriya, ciki har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow". Amma shiga ƙamus daban, sanin mai saye daga Japan ko Turkiyya daban. A ɗakin jarrabawa, kalmar da kowa ya sani ita ce mafi aminci.

Lambobi

Babu inda kuskuren furuci ya fi tsada kamar a lambobi. Bambancin "thirteen" da "thirty" a nauyin gaɓa yake, kuma wanda ya rikita su ya sayar da buhu 30 a matsayin 13.

Masu jarrabawa suna son tambaya a kan jadawali da zanen hawa da saukar farashi, don haka wajibi ne mutum ya iya faɗin kaso cikin ɗari da shekaru da kuɗi ba tare da inda-inda ba.

A ɗauki misali: buhun masara ya tashi daga naira 40,000 zuwa 50,000. Ƙarin naira 10,000 ne, wato kashi 25 cikin ɗari. A Turanci "rose by" tana nuna yawan ƙarin, "rose to" kuma tana nuna inda farashin ya tsaya. Idan ya sauko daga 50,000 ya koma 40,000, ragin kashi 20 ne cikin ɗari. Mai shiri ya riƙa yin irin wannan lissafi da baki, da ƙarfi, har ya zame masa jiki.

Kunya da kawaici

Tarbiyyar arewa ta koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, ya taƙaita amsa, kada ya katse magana, kada kuma ya yi musu. Halaye ne na gari, amma mai ba da maki ba ya iya auna abin da bai ji ba.

Idan aka tambayi mutum ko yana son aikinsa ya ce "yes" ya yi shiru, bai ba da komai ba. Amsa ta gari tana ɗauke da dalili da ɗan misali, jimla biyu ko uku.

Hausawa na cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, to amma a wannan fage karin maganar ba ta aiki. Jimla mai ɗan kuskure tana da maki, shiru ba shi da ko ɗaya. Wanda kalma ta ɓace masa ya kewaya ya bayyana abin da wasu kalmomin, domin iya kewayen ma abin yabo ne a wurin masu jarrabawa.

A ganawar ido da ido, duban mai tambaya alama ce ta natsuwa, kuma doguwar gaisuwa irin tamu ba ta da gurbi, kalma biyu sun wadatar. Idan ba a ji tambaya ba, neman a maimaita ya fi amsa abin da ba a tambaya ba.

Saɓa wa ra'ayin wani cikin ladabi shi ma abin koyo ne. A nan kawaicin Bahaushe yana da amfani: a fara da amincewa da abin da ke daidai a maganar abokin zama, sannan a kawo inda aka bambanta da dalilinsa.

Abin faɗa yana kasuwa

Da yawa suna tsoron kalmar kasuwanci, suna zaton za a tambaye su hannun jarin birnin New York. Tambayoyin ba sa bukatar ilmin tattalin arziki. Sukan tsaya ne a kan abubuwa kamar zaɓen wanda za a sayi kaya a wurinsa, da riƙe abokin ciniki, da horar da sabon ma'aikaci, da shirya taro.

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa sayar da dawa ya san waɗannan. Ya san aikin dillali da la'adarsa, ya san dalilin da hatsi ke araha da kaka ya yi tsada da bazara, ya san abin da kuɗin mota da lalacewar hanya ke yi wa riba, ya kuma san yadda bashi ke kashe kanti. Abin da ya rasa shi ne sunayen waɗannan abubuwa da Turanci, kuma koyon suna ya fi koyon abu sauƙi.

Jihar Kebbi kanta cike take da batutuwan atisaye. A watan Nuwamban 2015 a nan ne shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance. A shekarar 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. A watan Agustan 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya zuwa waje na tsawon wata shida, domin a ƙarfafa sarrafa shi a cikin gida.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa jawabin minti ɗaya: wa ya amfana, wa ya yi asara, me ya kamata a yi?

Minti ɗaya bai wuce kalmomi 120 zuwa 150 ba ga mai magana a natse. Tsarin da ya fi dacewa da shi mai sauƙi ne. A faɗi ra'ayi a jimlar farko, a kawo dalilai biyu, a ɗora misali a kan ɗaya daga cikinsu, sannan a rufe da jimla guda. A lokacin shiri kada a tsaya rubuta jimloli, kalmomi huɗu ko biyar na tuni sun isa, idan an yarda a yi rubutu.

Yadda za a tsara shiri

Magana da baki ake koyonta, kamar yadda ba a koyon tuƙi a littafi. Minti 20 kullum na tsawon wata biyu ko uku ya fi kwana uku na ƙarshe ba barci.

Kayan aiki na farko shi ne wayar hannu. Mutum ya zaɓi batu, ya saita agogo, ya naɗi muryarsa, sannan ya saurara. Sauraron farko ba ya da daɗi, amma a nan ne zai ji inda yake haɗiye ƙarshen kalma da inda yake cika "eh" da "am". Ya sake yin batun sau biyu ko uku, ya adana na farko domin ya gwada da na bayan wata guda. Wannan ba ya bukatar intanet.

Na biyu shi ne abokin atisaye. Mutum biyu ko uku su sa lokaci, misali bayan sallar la'asar, su yi yarjejeniyar cewa rabin sa'a ba Hausa. Ɗaya ya zama mai tambaya yana riƙe da agogo, daga baya a yi musanya. Masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga wasu jihohi suna da amfani a nan, domin wanda ba ya jin Hausa shi ne zai nuna wa mutum gaskiyar ko ana fahimtarsa.

Na uku shi ne kwaikwayon murya. A sami ɗan guntun labarin kasuwanci na rediyo, a saurari jimla, a tsayar, a maimaita da irin hawa da saukarta. Yana da kyau a saurari masu karin harshe daban-daban, na Ingila da Amurka da Indiya da gabashin Afirka, tun da abokan ciniki ba daga ƙasa ɗaya suke fitowa ba.

Wanda zai yi jarrabawa ta kwamfuta ya saba da magana da na'ura. Ba ta gyaɗa kai, ba ta murmushi, kuma idan lokaci ya cika takan yanke mutum a tsakiyar jimla. Sau da yawa kuma akwai wasu a ɗakin suna tasu maganar, saboda haka yin atisaye a wuri mai ɗan hayaniya yana taimakawa.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne haddar amsa. Ɗalibanmu suna da ƙarfin hadda, wasu masu darasi kuma suna sayar da shiryayyun amsoshi. Masu jarrabawa an horar da su gane wannan, domin muryar mai tilawa daban take da ta mai tunani, kuma da zarar an karkata tambayar kaɗan sai ginin ya rushe. Abin da ya cancanci hadda shi ne 'yan kalmomin haɗa zance, na buɗewa da na kawo misali da na rufewa.

Kafin a biya kuɗi

Kuɗin waɗannan jarrabawa yana da yawa, kuma yana bin darajar kuɗaɗen waje. Ga ɗan Zuru akwai ƙarin kuɗin mota da masauki, da kuma matsalar tsaro da ta sa tafiyar dare ba ta dace ba. Hikima ita ce a isa garin da za a yi jarrabawar tun ana gobe.

Kafin rajista, mutum ya tambayi kamfani ko jami'ar da yake nema wace jarrabawa suke karɓa, kuma maki nawa. Takardar da wani kamfani ya yarda da ita ba lalle ne ofishin biza ya karɓe ta ba. Birtaniya, alal misali, tana da jerin jarrabawar da ta amince da su, kuma ba ta sanya Nijeriya cikin ƙasashen da ta yafe wa 'ya'yansu gwajin Turanci ba, abin da ya sa a shekarar 2022 wasu matasan Nijeriya suka shigar da koke ta intanet suna neman a sake dubawa.

Sakamakon IELTS da na TOEIC shekara biyu ake amfani da su, don haka yin jarrabawar tun ba a bukace ta ba asarar kuɗi ce. Tsarin tambayoyi kuma yakan sauya, saboda haka a duba samfurin da hukumar jarrabawar da kanta ta fitar, a kuma tabbatar cewa sunan da ke kan fasfo ko katin shaida ya yi daidai da wanda aka yi rajista da shi.

Masu cewa za su sama wa mutum sakamako ba tare da ya zauna ba 'yan damfara ne, domin masu karɓar takardar suna iya tantance ta kai tsaye daga hukumar da ta bayar.

Ko da mutum bai kai ga zama jarrabawar ba, wahalar shirin ba ta faɗi ƙasa banza ba. Tambayoyin da ya yi atisaye a kansu su ne zai tarar a ganawar ɗaukar aiki, da gaban jami'in banki idan ya je neman rance, da kuma a waya ranar da mai sayen riɗi daga wata ƙasa ya kira yana tambayar farashin tan guda.